Gonar jiya ta zama unguwa: me ke sa filaye tsada a gefen Maraɗi?

Cikin saƙonnin da ke zo mana a kan maganar ƙasa, tambayoyi biyu ne suka fi yawa. Ta farko daga ƙauyukan da ke kewaye da birnin Maraɗi take fitowa: an zo ana taya gonarmu da kuɗin da ba mu taɓa riƙewa ba, mu saida ko mu dakata? Ta biyu kuma daga ƴan uwa da ke bida a Abijan, Legas, Akara, Libiya ko Saudiyya: an ce in turo kuɗi a saya mini fili, amma kullum sai a ce farashi ya ƙaru, gaskiya ne ko cuta ce? To, su biyun nan a kan ƙasa guda suke magana, ɗaya yana bakin saidawa, ɗaya yana bakin saye. Mun ga ya dace mu zauna mu warware zancen a tsanake, mu ɗauki unguwar Ali Ɗan Sofo da makamantanta a matsayin misali.

Yadda gari ya hau tudu

Tsofaffi sun sani, Maraɗin farko a cikin kwarin gulbi take. Ambaliyar shekarar 1945 ce ta rushe ta, aka tada gari aka maida shi kan tudu. Tun daga nan gulbi ya tsaya ta yamma kamar katanga, gari kuma ya dinga miƙewa ta sauran kusurwoyi, yana cin jigawar da ake noman gero da gyaɗa. Bayan tsofaffin unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo da Ƴandaka, sai aka samu Sabon Gari, aka samu Zariya, aka samu Ali Ɗan Sofo. Yau ga gine-gine suna bin hanyar Tibiri ta arewa da hanyar Jiratawa ta kudu.

Ƙidayar jama'a ta 2001 ta samu wajen mutum dubu 148 a birnin. Ta 2012 ta samu sama da dubu 267. Cikin shekara goma sha ɗaya ke nan gari ya kusa ninkawa, kuma daga 2012 zuwa yau ba a daina haihuwa ba, ba a daina shigowa daga ƙauye ba. Kowane yaron da ya yi aure yana son ɗaki, kowane magidanci yana son ƙofar gidansa. Ƙasa kuwa ba ta haihuwa. Nan ne tushen tsadar.

Abin da ke ƙara wa fili kuɗi

Rairayin da ke ƙarƙashin gida a Ali Ɗan Sofo bai fi na gonar da ke bayan gari kyau ba. Abin da mai saye ke biya shi ne abin da ya zo kusa da filin. An kafa jami'a a Maraɗi a 2010, wadda ake kira Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Jami'a na nufin ɗalibai masu neman ɗakin haya, malamai masu neman gida, mai butik, mai tuwo-tuwo, ɗan kabu-kabu. Asibiti ma haka yake jan jama'a. A 2015 kuma Maraɗi ta karɓi bikin 18 ga Disamba, wanda aka yi wa suna Maraɗi Kwalliya, aka shimfiɗa hanyoyi aka yi gine-gine. Duk inda kwalta ta bi, ko turakun kuran suka tsaya, ko bututun pampo ya iso, sai filin wurin ya tashi, ko mai shi bai aza bulo ko ɗaya ba.

Akwai kuma tsadar da labari kawai ke kawowa. A watan Fabrairun 2021 gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, ta Katsina da Jibiya. Tun kafin a ji kukan jirgi, dillalai sun sa zancen cikin cinikinsu: ai nan jirgi zai bi, ai nan tasha za ta zauna. Wanda ya saya a kan irin wannan magana ya sani fata ya saya.

Na uku, fili ya zama asusu. Maraɗi garin ƴan kasuwa ne, cinikinta a ɗaure yake da Najeriya, kuma kowa ya ga yadda naira ta faɗi a ƴan shekarun nan. Da yawa ba su son ajiya a banki saboda kuɗin ruwa. Dabba tana mutuwa, hatsi yana cin ƙwari, amma fili yana nan. Shi ya sa za ka ga mutum guda da filaye goma, bai gina ko ɗaya ba, ya zagaye da katanga yana jiran farashi. Ita ma gwamnati ta taɓa biyan ma'aikata bashin albashi da filaye a farkon shekarun 2000, abin da ya ƙara koya wa mutane kallon fili kamar kuɗi a hannu. Kuɗin da ƴan bida ke turowa shi ma cikin wannan kasuwa yake faɗawa.

Lotisma: yadda gona ke zama filaye

Ga inda ribar take ɓoye, kuma nan ne muke son manomi ya buɗe kunne. Gona da eka ake cinikinta. Fili kuwa da mita ake cinikinsa. Abin da ke tsakaninsu shi ne lotisma, wato a auna wuri bisa izinin hukuma, a fitar da tituna, a ware wurin lakwal da likita da masallaci da kasuwa, a yanka saura gida-gida, a kafa borni, a ba kowane fili lamba.

Mu yi lissafi tare. Hekta ɗaya mita murabba'i 10,000 ce. Fili mai mita 20 a kan 20 ya zama 400. Da babu titi, hekta guda za ta ba da fili 25. A ce an cire kashi uku cikin goma don hanyoyi da wuraren jama'a, saura mita 7,000, wato fili 17 da ɗan ragowa. To wanda ya sayi gonar a dunƙule, in lotisma ta biyo ta wurin, ba lallai ba ne ya saida fili da yawa kafin ya maida kuɗinsa. Sauran duk riba ce. Shi ya sa masu kuɗi ke riga lotisma isa ƙauye. Sun ji labari a gari, manomi bai ji ba.

Idan hukuma ce ta yi lotisma a kan gonakin gado, akan ba masu gonar wani kaso na filayen a madadin ƙasarsu. Mai gonar da ya riga ya saida kuwa ba shi da komai a wannan rabo, wanda ya saya ne zai karɓa. Kafin ka sa hannu, je ma'aikatar magajin gari ka tambaya ko wurinka ya shiga tsarin faɗaɗa gari.

Takarda kala-kala ce

Dokar karkara ta ƙasarmu, wadda aka kafa a watan Maris na 1993, ta yarda cewa ana mallakar ƙasa ta hanyar al'ada kamar yadda ake mallakarta ta hanyar rubutu. Gonar da ka gada daga kakanni taka ce ko ba ka da takarda. Amma ranar rigima, mai takarda ya fi sauƙin magana. Don haka ne aka kafa hukumomin ƙasa da ake kira COFO, tun daga na ƙauye, wanda maigari ke shugabanta, zuwa na kwamin da na gunduma. A nan ake samun takardar shaidar mallakar gado, da takardar saye da sayarwa, da ta kyauta, da ta aro ko jingina.

Fili na cikin gari kuma da nasa takardun. Wadda ma'aikatar magajin gari ke bayarwa bayan lotisma ita ce ake kira acte de cession da Faransanci, tana ɗauke da sunan lotismar, lambar rukuni, lambar fili da faɗinsa. Wadda ta fi kowace ƙarfi ita ce titre foncier, wadda ake samu ta ofishin kula da filaye na gwamnati. Tana cin kuɗi da lokaci, amma ita banki ya fi yarda da ita, ita ce kuma ta fi wuyar tadawa a gaban alƙali.

Wata ƴar takarda da mai saidawa ya rubuta da hannu, shaidu biyu suka dangwala, tana nuna an yi ciniki ne kawai. Ba ta nuna wurin nasa ne shi kaɗai, ba ta nuna bai saida ma wani ba jiya, ba ta nuna titi ba zai bi ta tsakar gidanka ba gobe. Filin da ba ya cikin lotisma yana da araha, amma araha ba ta ado.

Wa ke ci, wa ke asara?

Kada a ce mun ce bunƙasar gari sharri ce. Magina, masu buga bulo, kafintoci, masu walda da masu ɗibar yashi suna samun aiki. Tsohuwar da ta riƙe filinta ta gina ɗakuna uku tana cin haya. Yaran gefen gari sun samu lakwal kusa.

Amma mu dubi ɗaya gefen. Manomin da ya saida gona ya karɓi kuɗi a dunƙule: a yi aure, a sayi babur, a je Makka, a biya bashi. Duk abubuwa ne masu kyau, sai dai bayan damana biyu ko uku kuɗi sun ƙare, rumbu babu komai, kowace tiya ta hatsi sai an saya a kasuwa. Wani ya koma mai gadi a gidan da aka gina a kan gonar ubansa. Gonar da ke ciyar da gida kowace shekara an canza ta da kuɗin da ake ci sau ɗaya.

Sai maganar gado. Gona da yawa ba a raba su ba tun rasuwar mai su, babban wa ne ke riƙe da su da sunan kowa. Muddin gero ake nomawa ba a jin kansu. Ranar da miliyoyi suka shigo, sai ka ji an saida ba da sanin ƴan uwa mata ba, ba da sanin matar mamaci ba, ba da sanin ƙanen da ke Libiya ba. Alhali addini ya yanka wa kowannensu rabonsa. Zumunci da yawa ya mutu a nan, kuma mai saye ma bai tsira ba, don magajin da aka ƙetare yana iya tada cinikin ko bayan shekaru.

Ɗan haya shi ma yana ji a jikinsa. Fili ya yi tsada, siminti ya yi tsada, mai gida sai ya ɗora a kan haya. Talaka sai ya ƙara matsawa baya, inda babu pampo, babu kuran, ruwa sai na ƴan garuwa, kuɗin kabu-kabu kuma kullum. Wasu kuma su gangara inda bai kamata a zauna ba. Mun ga abin da damanar 2024 ta yi a Maraɗi, gidaje suka rushe, aka yi asarar rayuka. Garin da ambaliya ta taɓa tayarwa bai kamata ya manta ba: ruwa yana komawa tsohuwar hanyarsa ko an yi gini a kai.

Ga mai gona

Idan ba dole ba, kada ka yi gaggawa. Tara duk magada, maza da mata, har na waje a kira su a waya, a raba ko a amince a rubuce. Yi wa gonarka takarda a COFO tun babu rigima. Ji farashi daga baki fiye da ɗaya, kada dillali guda ya zama shi ne kunnenka. In sayarwar ta zama dole, ana iya saida ɓangare a bar ɓangare. Kuma tun kafin kuɗin su shigo hannu, ka yanke abin da zai maye gurbin gonar, ko wata gona a nesa da gari, ko abin da zai dinga kawo shiga duk wata.

Ga ɗan uwa na waje

Guminka ne, ka sha rana da kewar gida kafin ka tara. Hoton fili a WhatsApp ba shaida ba ne, kowane fili a hoto kama ɗaya yake. Ka nemi sunan lotisma da lambar rukuni da lambar fili, ka sa wani mutum dabam, wanda ba shi da ko dala a cinikin, ya je ma'aikatar magajin gari ya duba ko sunan mai saidawa ne ke cikin rajista. A je da mai awo a ga borni huɗu da ido. A tambayi maƙwabta yadda wurin yake a watan Agusta, don filin da ka gani da rani yana iya zama tabki da damana. Takarda ta fito da sunanka kamar yadda yake a katinka na ɗan ƙasa, ko da wanka ne uwa ɗaya uba ɗaya ya tsaya maka. Wannan ba rashin yarda ba ne, mutuwa ce ba ta sallama, kuma ƴaƴansa da naka ba lallai su san abin da kuka ƙulla ba. Ajiye rasit na duk kuɗin da ka turo. Bayan saye kuma kada a bar wurin haka nan, a zagaye shi ko a aza wani abu, a dinga leƙawa.

Mun ɗauki Maraɗi ne don nan muka fi sani, amma masu saurarenmu na Damagaram, Tawa da Yamai za su gane labarin, sunan unguwa ne kawai ya bambanta. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ciniki, ko ya ci riba ko ya ƙone, ya aiko mana da yadda abin ya kasance ba tare da ambaton sunan kowa ba, don wani ya ƙaru. Allah ya ba mu zaman lafiya da damana mai albarka.