Fam da laba: uwa ɗaya, uba ɗaya

Mutumin Dakusa, can wajen Zinder, da dala yake ƙirga kuɗinsa, dala ɗaya tana daidai da sefa 5. Amma duk wanda ya taɓa zuwa cirani Kano ko Daura ya ji dattawa suna cewa "fam biyar", alhali naira 10 suke nufi. Wannan fam ɗin aro ne daga pound ta Ingilishi, kalmar da ke ɗauke da ma'ana biyu: kuɗi da nauyi.

Nauyin ne ya riga. Romawa suna da ma'aunin da suke kira libra, sukan ce libra pondo, wato libra ɗaya bisa awo. Mutanen Ingila suka ɗauki rabin maganar na baya ya zama pound, amma wajen rubutu suka riƙe na gaba. Shi ya sa ake taƙaita nauyin da lb, alamar kuɗin kuma, £, harafin L ne da aka yi wa ado.

To ina kuɗi ya shigo? Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, a Ingila, azurfa mai nauyin pound ɗaya ake ƙerawa a fitar da tsaba 240. Sunan awon sai ya bi kuɗin. Lissafin nan shi Turawa suka kawo Najeriya: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, ka ga 240 ɗin ta dawo. A ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta karɓi wurin, aka canja kowane fam da naira 2, amma baki bai saki tsohon suna ba.

A nan Hausa ta fi Ingilishi tsari, a ganina, don ta raba gardama. Kuɗin ta kira shi fam. Nauyin kuwa, wanda ake gani an rubuta lb a jikin sikeli da takardun kamfanonin sayen gyaɗa da auduga, ta kira shi laba. Laba ɗaya ba ta kai rabin kilo ba, giram 454 ce in an cike, oza 16.

Ɗan makarantar Zinder ma ya san irin wannan a Faransanci: livre tana nufin kuɗin Ingila, tana kuma nufin rabin kilo, duk daga libra. Livre ta littafi kuwa asalinta daban ne.