Shekarar da Muke Tsallakewa a Labarin Sarki Konstantin

A makarantarmu ta ekklisiya a nan Unguwar Kanawa, yara suna son labarin Konstantin, Sarkin Rum. Mukan gaya musu yadda ya ci yaƙi a bakin gadar Milbiya a shekara ta 312, da yadda a 313 aka ba Kirista izinin yin sujada a fili bayan tsanani mai zafi, da yadda ya tara shugabannin ekklisiya a Nikiya a 325. Daga nan sai mu rufe littafi. Shekara ta 326 ba mu taɓa ta. Yau za mu buɗe ta, gama iyaye ne suka fi bukatar jin abin da ke ciki.

Babban ɗan sarki sunansa Kirisbus. Uwarsa Minabina ce, wadda sarki ya zauna da ita kafin ya auri Fausta, 'yar Sarki Maksimiyan, a 307. Yaron ya tashi da kyau. Laktantiyus, mashahurin malami Kirista, shi ya koyar da shi. A 317 aka naɗa shi Kaisar, wato yarima, a 324 kuwa shi ya ja jiragen ruwan ubansa suka karya na Likiniyus, abokin gāban sarki. Amma Fausta ita ma tana da 'ya'ya maza uku ƙanana. Wanda ya girma a gidan 'yan uba ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A 326 sarki ya ba da umarni aka kashe Kirisbus a garin Pola, cikin ƙasar da yanzu ake kira Kuroshiya. Ba a bayyana wa jama'a laifinsa ba. Wani marubuci na baya, Filostorgiyus, ya ce Fausta ce ta nemi saurayin, ya ƙi, sai ta juya magana ta ce shi ya neme ta. Mai karatu zai tuna da Yusufu da matar Fotifar. Sai dai Fotifar kurkuku ya jefa Yusufu, daga kurkuku kuwa ana fitowa.

An rubuta cewa Helena, uwar sarki, ta yi ta yi wa ɗanta faɗa saboda baƙin cikin jikanta. Ba a daɗe ba Fausta ma ta mutu, an ce a ɗakin wanka da aka hura wa wuta fiye da kima. Aka bi duwatsun tunawa aka kankare sunayen su biyun.

Abin da ya fi damunmu shi ne Yusibiyus, bishop na Kaisariya. Dā ya yabi Kirisbus a littafinsa na tarihin ekklisiya. Amma da ya zo rubuta rayuwar Konstantin, ko sau ɗaya bai ambaci sunan yaron ko na Fausta ba. Ba za mu yi saurin ganin laifinsa ba, tun da mu ma shiru muke yi a aji, muna kiransa rufin asiri. Shirun nan ne ya ba Zosimus, wanda ba Kirista ba ne, damar cewa wai sarki ya shiga addinin ne don neman inda za a wanke masa wannan jini. Shekaru sun ƙaryata shi, gama taron Nikiya ya riga kisan.

Bayan wannan Helena, tana kusan shekara 80, ta kama hanyar Ƙasa Mai Tsarki. Ta yi ta taimakon matalauta, aka gina majami'u a Baitalami da kan Dutsen Zaitun ta hannunta. Sarki kansa bai karɓi baftisma ba sai a 337, yana kwance ajali ya matso.

'Ya'yan Fausta uku suka raba mulkin. Cikin 'yan watanni sojoji suka karkashe 'yan'uwan ubansu da yawancin 'ya'yansu maza. A 340 babbansu ya kai wa ƙaraminsu yaƙi a Italiya, can aka kashe shi.