Mai teɓa ya yi hattara da murar da ke sauka ƙirji

A kasuwar Magarya ko ta Dungas, in aka ga mutum ya ajiye teɓa, sai a ce ya samu. Amarya kuwa in ta yi wata uku a ɗaki ba ta yi jiki ba, sai dangi su soma tsegumi, wai miji ba ya ciyar da ita. Ba abin mamaki ba ne. Mutanen da suka ga yunwar 1973, da ta 1984, da ta 2005, dole su ji tsoron rama. Amma likitoci sun gano ƙiba mai yawa tana da nata haɗari, musamman in mura mai tsanani ta shigo gari.

Mura iri-iri ce. Ƙwayar cuta ce ƴar ƙanƙanuwa ke kawo ta, wadda ido ba ya gani. Wata tana tsayawa a hanci, ta wuce cikin mako. Wata tana sauka cikin huhu, ta hana mutum numfashi. Ita ce mai kisa.

A shekarar 2009 wata sabuwar mura ta zagaya duniya. A wani asibiti na jihar Mishigan, ƙasar Amurka, an kwantar da mutum 10 da numfashi ya gagare su. Da aka duba, 9 daga cikinsu masu ƙiba ne. Daga nan likitoci suka sa ido. Sai korona ta zo. An fara ganinta a Yamai ran 19 ga watan Maris 2020. A wannan shekara masana a Ingila suka bi takardun lafiyar mutum miliyan 17. Suka ga mai ƙiba ƙwarai, haɗarin mutuwarsa da korona ya kusa ninka na wanda ba shi da ƙiba. Tsufa ya fi komi haɗari, amma ƙiba tana jefa har magidanci ɗan shekara 40 cikin wahala. A watan Mayu 2023 hukumar lafiya ta duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona, amma cutar ba ta ɓace ba, mura kuma tana dawowa kowane hunturu.

Mai kiwo zai fahimci dalili da sauri. Ragon da aka turke ana ba shi dusa da harawa don layya, in aka kora shi kasuwa da rana, haki yake tun kafin a yi nisa. Ragon garke kuwa ko a jikinsa. Haka ɗan Adam yake. Kitsen ciki yana tura huhu sama, ya hana shi buɗewa sosai. In mutum lafiya lau yake, ba ya lura. In cuta ta cika rabin huhu da majina da ruwa, ɗan wurin da ya rage ba ya isa, balle in ya kwanta rigingine, tumbi ya danne shi. Kitse mai yawa kuma yana raunana ƙarfin da jiki ke yaƙar cuta da shi, yana jawo ciwon suga da hawan jini. Su ma suna ƙara wa mura nauyi.

Manomin da ke wuni da hauya ba kasafai yake tara kitse ba. An fi ganin abin wurin ƴan kasuwa masu wuni zaune, da masu shayi da sukari mai yawa safe da yamma, da matan da ba su fita. Mafi muni su ne ƙwayoyin sa ƙiba da ake saye a tebur ko wurin masu yawo da magani. Akwai wata mai suna dexamethasone. Tana kumbura fuska da ciki, tana ta da ciwon suga, tana karya garkuwar jiki. Mace tana ganin ta yi kyau, alhali an buɗe wa cuta ƙofa ne. Wadda ta daɗe tana shan ta kada ta bari farat ɗaya, don hakan ma yana kayar da mutum. Ta je gidan likita a rage mata sannu sannu.

Awon ba ya bukatar sikeli. A samu igiya a auna tsayin mutum daga ƙafa zuwa kai, a ninka ta biyu, a zagaya ciki daidai wajen cibiya. In bakin igiya bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. A rage sukari da soye-soye, a ƙara tafiya ƙasa. Wannan magana ta manya ce. Ba ta shafi mai ciki ba, ba ta shafi yara ba. Yaran wannan yanki rama ce ke damunsu, kowace damina ɗakin yara na asibitin Magarya yana cika da masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro. Kada a rage musu ko loma guda.

Mai ƙiba in mura ta kama shi, mutanen gida su riƙa lura da numfashinsa. In yana haki alhali yana zaune, ko ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja iska, ko ƙirji na ciwo, ko hankalinsa ya soma gushewa, kada a jira ranar kasuwa a samu mota. Daga Wacha ne, ko Bande, ko Malawa, ko Dogo-Dogo, a kai shi gidan likita mafi kusa a ranar. In a amalanke za a ɗauke shi, a jingina shi da buhu yana zaune, kada a shimfiɗe shi rigingine.