Kafin ka sauya batirin kwale-kwale

Mutanen Fassi da sauran garuruwan Kibiya da Rano ba baƙin ruwa ba ne. Ga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ga ta Ruwan Kanya. Duk masuncin da ke fita da dare ya san amfanin batir wajen kunna fitila da cajin waya. Sai dai sau da yawa, batirin da ake cewa ya mutu, yadda aka haɗa shi ne ya kashe shi.

A fara da zaɓi. Batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci, ya tayar da inji. In ka sa shi riƙe fitila har asuba kullum, ba zai kai ko'ina ba. Irin na sola, mai jure zuƙa a hankali, shi ya dace. Batir mai bolt 12 in ya cika, mita za ta nuna kusan 12.6. Da ta sauka zuwa 12.2, rabi ya tafi, lokacin caji ya yi.

Wajen cirewa, kwance baƙar waya tukun, sannan ja. Wajen mayarwa, ja ce farko, baƙa a ƙarshe. Yin haka na hana tartsatsi in sifana ta taɓa ƙarfe, kuma tartsatsi kusa da jarkar fetur ba abin wasa ba ne. Batir kansa yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, saboda haka kada a rufe shi ruf.

In batir biyu za ka haɗa, ja da ja, baƙi da baƙi, wutar na nan a bolt 12 amma za ta fi daɗewa. In ka haɗa jan wannan da baƙin wancan, ta koma 24, fitilunka sun ƙone. Kada a gama sabo da tsoho, domin tsohon zai riƙa shanye sabon. A nemi waya mai kauri ta jan ƙarfe, mai silili da yawa a ciki, a sa fiyus dab da jan kan batir. Na roƙe ku, ku daina murɗa waya da hannu kuna naɗe ta da leda. A cikin laima ba ta ɗorewa. Mai riwaya zai matse mata baki da kuɗi kaɗan.

A ɗora batir a akwati sama da inda ruwa ke taruwa, a ɗaure shi. Farin garin da ke fitowa a kansa, ruwan kanwa na wanke shi, muddin bai shiga cikin batirin ba, sai a shafa giris. A zafin Maris da Afrilu ruwansa na saurin ƙonewa. Tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ban da na rijiya.

Tsohon kuma, kada a fasa shi a gida don a narka dalmar a yi wa birgi nauyi. Gubar dalma ce ta hallaka yara kusan 400 a Zamfara a 2010, daga ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. A mayar da shi wurin mai sayar da batir, ya rage maka kuɗin sabo.