Dokar Rumawa a Mujallun Sabiyawa na Farko

Ta ƙofa biyu dokar Rumawa ta shiga wa Sabiyawa. Ta farko ita ce ta majami'a, domin kundin Zakonopravilo da Waliyyi Sava ya tattara a 1219 ya ƙunshi dokokin Rumawan Gabas da aka fassaro daga Girkanci. Da Turkawa suka ci ƙasar, sai wannan ilimi ya maƙale a hannun malaman majami'a.

Ƙofa ta biyu kuwa ta mujalla ce, kuma a wajen ƙasar aka buɗe ta. A birnin Benis na Italiya Zaharije Orfelin ya buga mujallar Sabiyawa ta farko a 1768. Letopis, wadda aka kafa a 1824, a Buda ta ƙasar Hangare aka fara buga ta, inda Latinanci ya kasance harshen hukuma har 1844, da shi kuma ake karatun shari'a. A lokacin Sabiyawa ba su da mujallar shari'a ta musamman. Lauyoyin da suka yi wannan karatu su ne kuma marubutan adabi, don haka ta alƙalaminsu tunanin Rumawa ya isa ga mai karatu.

Jovan Hadžić ya isa misali. Shi ne shugaban farko na ƙungiyar Matica srpska a 1826, ya yi editan Letopis, sannan ya tsara dokar mu'amala ta Sabiya ta 1844 bisa ta Ostiriya ta 1811, wadda tushenta na Rumawa ne. Shi ne kuma ya ja da Vuk Karadžić a kan irin Sabiyancin da ya kamata a yi rubutu da shi.