Ko Ka Sani? Na'urar da Aikinta Shan Wuta Kawai

Akwai na'urar da masu haɗa kayan lantarki ke ƙerawa ba don ta haska ɗaki ko ta juya fanka ba, sai don ta sha wuta ta mai da ita zafi. Da ji sai a ce almubazzaranci ne, alhali ita ke tona asirin batir. Batirin sola na dalma da aka rubuta wa 100Ah, galibi nufin shi ne zai ba da amfiya 5 har awa 20 kafin ya sauka zuwa bolt 10.5. Mitar da mai shago zai dangwala masa ta nuna 12.6 ba shaida ba ce, domin ko batirin da ya gaji yakan nuna ƙarfi muddin ba a aza masa kaya ba.

Haɗin ba shi da wuya. Transista irin MOSFET na zama kamar kan famfo, a ƙarƙashinsa a sa ƙaramar rizista, a ce mai om 0.1. Bisa dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827, amfiya 5 in ta ratsa ta za ta haifar da rabin bolt. Sai ka murɗa maɓalli zuwa rabin bolt ɗin, wani ɗan cif kamar LM358 ya riƙa gwada biyun, yana buɗe famfon yana tsuke shi har su yi daidai. Ko batir ya fara sanyi, abin da ake ja bai canza ba.

Wani zai ce ai kwan fitilar mota ma ya isa, ga araha. Ya isa a ga batir na da rai, amma ba a auna shi ba: ƙarfin batir na raguwa, abin da kwan ke ja na raguwa, lissafin awoyi ya rikice.

Inda gizo ke saƙar shi ne zafi. Bolt 12 sau amfiya 10 wat 120 ke nan, kusan duka a kan abin da bai fi ɗan yatsa ba, don haka dole sai da faffaɗan alminiyom da fanka. Jera transista huɗu su raba nauyin ma ba ya wadatarwa, domin a wannan yanayi wanda ya fi ɗumi shi ke ƙara jan wuta, ya ƙara zafi, har ya ƙone ya bar batir a gajeren haɗi. Shi ya sa gwanaye ke ba kowanne rizistarsa da cif ɗinsa, su kuma sa fis tun daga bakin batir.