Shasin Mota Ya Karkace: A Miƙar Ko A Haƙura?

Hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Ɗambatta da Kazaure ta nufi Daura, ita ce babbar hanyar zirga-zirgar mutanen 'Yankwashi da maƙwabtansu na Roni da Gwiwa. A kanta ma'aikacin Ƙaramar Hukuma ke bi zuwa ofis a Karkarna, a kanta ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure ke komawa gida hutu, a kanta kuma ake ɗaukar hatsi da dabbobi ranakun kasuwa. Hanya mai cinkoso irin wannan ba ta rasa haɗari. In Allah ya tsare rayuka, aka janye motar zuwa gareji, sai kuma wata damuwa ta taso a lokacin da bakanike ya leƙa ƙarƙashinta ya ɗago kai ya ce shasi ya taɓu. Daga nan mai mota ya shiga tsaka mai wuya ke nan: ya miƙar da shasin ya ci gaba da hawa, ko kuwa ya haƙura da ita?

Kafin a amsa, ya kamata mai karatu ya san cewa abin da ake kira shasi iri biyu ne. A manyan motoci da akori-kura irin su Toyota Hilux da tsohuwar Land Rover, shasi wasu dogayen ƙarafa ne guda biyu da aka haɗa da gajeru a tsakani kamar tsani, sa'an nan aka ɗora inji da bodi a kai aka ɗaure da noti. Amma ƙananan motocin da ma'aikata ke hawa, wato irin su Corolla da Camry da Golf, ba su da wannan tsani. Bodin kansa shi ne shasin, domin an narka ƙasan motar da ginshiƙan ƙofofi da rufi da ƙarafan da ke riƙe da inji an mai da su abu guda. Saboda haka dukan da ya sami hancin motar yana iya tafiya har ya gurɓata zaman ƙofar baya.

Sana'ar miƙar da jikin mota ta bunƙasa a ƙasar nan tun bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, shekarar da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Ma'aikata da yawa suka mallaki 504, wadda jama'a ke kira Fijo, masu gyaran bodi kuma suka ƙware a kanta ƙwarai. Dabarar da suka gada har yau ana ganinta a bakin hanya: a ɗaure motar da sarƙa a jikin itace ko turken ƙarfe, a hura wa wurin da ya lanƙwashe wutar walda har ya yi ja, a ja, a bi da guduma, sa'an nan a shafe da fenti. Ba a raina gwanintar waɗannan mutane ba, domin kuwa da hannu da ido kawai sun rayar da motocin da aka riga aka fid da rai da su. Ƙarfen motocin wancan zamani kuwa mai taushi ne, yana jure wuta da guduma gwargwado.

To, amma motar ta sake, dabarar ba ta sake ba. Tun a 1952 wani injiniyan kamfanin Mercedes-Benz a Jamus mai suna Béla Barényi ya sami rajistar wata fasaha, wadda aka fara sa wa motocin kamfanin a 1959: a ƙera gaba da bayan mota yadda za su murƙushe da gangan idan an yi karo, su shanye ƙarfin dukan, ɗakin da mutane ke zaune kuma ya tsaya daram. A yau kusan kowace ƙaramar mota haka aka ƙera ta. Ma'anar wannan ita ce, ƙarfen da ya murƙushe ya riga ya yi aikinsa, kuma sau ɗaya aka yi shi ya yi. In an miƙar da shi, siffarsa ce ta dawo, ƙarfinsa bai dawo ba. Bugu da ƙari, motocin baya-bayan nan ana yin ginshiƙansu da wani irin ƙarfe sirara mai tsananin ƙarfi, wanda aka gasa a masana'anta bisa ƙayyadadden zafi. Wutar walda tana warware wannan gashi, ƙarfen ya yi laushi ko ya yi gautsi, shi ya sa masu ƙera motoci ke hana a miƙar da irin waɗannan sassa da wuta. Ɗalibin kimiyya ya san cewa in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo yana ninkawa sau huɗu. Motar da aka yi wa gyaran gangar Auzinawa tana iya shekara tana tafiya lafiya lau, sai ranar karo na biyu ne aibinta zai bayyana, a lokacin da inji ya tarar da ƙafafun direba.

Wannan ba ya nufin duk shasin da ya taɓu ya mutu. Masana sana'ar suna bambanta lanƙwasa da karyewa. In ƙarfen ya yi baka ne a hankali, ba tare da ya naɗe ya yi kaifi ko ya tsage ba, ana iya jan sa a sanyi ya koma mazauninsa. In kuwa ya naɗe kamar takardar da aka ninke, sai dai a cire sashen a sa wani. Wurin da abin ya faru ma yana da muhimmanci. Lanƙwasa a can ƙarshen hanci, inda bamba da lagireto suke, abu ne mai sauƙi. Amma in ta kai inda ƙafafun mota da sitiyari suke ɗaure, ko ta taɓa ginshiƙin da ke tsakanin ƙofofi, ko ƙasan motar ya tattare, to, a ƙaramar mota magana ta kusa ƙarewa. Mai akori-kura ya fi samun sauƙi, tun da ana iya ɗage bodi a gyara tsanin, ko ma a musanya shi ɗungurungum.

Gyara na gaskiya kuwa da awo ake yin sa. Ana ɗora motar a kan wani teburin ƙarfe a ɗaure ta, a ja da na'ura mai aiki da matsin mai, ana yi ana aunawa ana gwadawa da ma'aunin da masana'anta ta bayar, kuma kuskuren da aka yarda da shi bai wuce kamar milimita 3 ba. Ido, komai kaifinsa, ba ya ganin milimita 3 a tsawon mota. Saboda haka tambayar farko da ta kamaci mai mota ya yi wa mai gyara, a Kazaure ne ko a Babura ko a Kano, ita ce da me zai auna, tun kafin a zo maganar nawa.

Abin da ke tura mutane ga gyaran wuta da guduma sananne ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki darajar Naira a watan Yuni, farashin mota ya fi ƙarfin albashin yawancin ma'aikata. Inshorar da doka ta tilasta, wadda aka ɗaga kuɗinta daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a farkon 2023, tana biyan ɓarnar da mutum ya yi wa wani ne kawai, ba ta biyan tasa motar. Wanda ya ci bashi ya sayi mota bai gama biya ba, da wuya a ce masa ya haƙura ya ji. Duk da haka lissafin yana da wani gefe. Motar da shasinta ya karkace tana cin taya gefe guda, tana lalata ƙafafunta, tana ƙara shan mai, kuma ana kai ta saitin ƙafa ba ta saituwa. A ɗaya ɓangaren, inji da giya da ƙofofi da fitilun motar da ta yi haɗari suna da masu saye a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, kuma abin da za a samu yana iya zama harsashin sayen wata.

Abin takaici shi ne inda irin waɗannan motoci kan ƙare. Mai ita ya tsorata da ita, sai a yi mata fenti ta fito kamar amarya, kyan ɗan maciji, dillali ya kai ta ga wanda zai sa ta haya tsakanin ƙauyuka. Wani lokaci ma akan yanke gaban wata mota a liƙa wa bayan wata da walda. Haka nan motoci da yawa da ake shigowa da su daga Amurka, kamfanonin inshora ne suka yi gwanjonsu a can bayan haɗari. Fasinjan da ya biya kuɗin kujera a tasha bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma shi ne ke ɗauke da kasadar da mai motar ya guje wa. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da damar mayar da ita in ya gano. Jami'an duba lafiyar motoci, da Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988, suna iya tsayar da mota su duba taya da fitila da takardu, amma ɗinkin walda da ke ƙarƙashin shimfiɗar mota ba ya ganuwa daga bakin titi.

Mai saye, ko wanda aka dawo masa da motarsa daga gyara, yana da abin da zai iya yi da kansa. Ƙasar 'Yankwashi ba ta rasa fili mai rairayi: a tuƙa motar a miƙe a kai, sa'an nan a sauka a dubi sawu. In sawun tayoyin baya ya goce gefe guda daga na gaba, motar tana tafiya a karkace. A auna da igiyar awo daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya a dama, a sake aunawa a hagu, a ga ko sun zo daidai. A buɗe ƙofofi a rufe a ji ko akwai mai gogawa, a dubi tazarar bonet da jikin mota ta kowane gefe. Daga nan a ɗaga shimfiɗar ƙasa da ta but, a nemi sabon fenti ko tabon wuta, a kuma tabbata lambar shasin da ke jikin ƙarfe ita ce a takarda.